Ido, wa ka raina? Yadda Ingila ta yi ban-kwana da tsofaffin jiragenta na zuwa aiki

A ƙarshen watan Afrilu na 2023, a kudancin Ingila, mutane suka yanki tikiti na musamman suka cika wani jirgin ƙasa da aka ƙera tun wajen 1976. Jirgin ba shi da makewayi, ba shi da na'urar sanyaya iska, kuma shekara da shekaru fasinjojin wannan yanki suna ƙorafi a kansa. Waɗanda suka shige shi a ranar babu mai zuwa aiki, babu mai zuwa kasuwa. Yini suka yi yana zagayawa da su kan layukan da ya saba bi, suna ɗaukar hoto, suna naɗar ƙarar injinsa, don sun san nan da makonni kaɗan za a kai irinsa wurin masu yanka ƙarfe.

Na zaɓi in kawo muku wannan labari, ku malamai da iyaye, duk da na san yawancin yaranmu na Maraɗi da Damagaram da Tawa ba su taɓa shiga jirgin ƙasa ba. Dalili shi ne tarihin waɗannan jirage yana nuna wani abu da ya shafi duk mai koyar da yara labarin da. Hausawa na cewa: ido, wa ka raina? Ya ce wanda nake gani yau da gobe. Abin da kowa ya yi amfani da shi kullum shi ne ya fi saurin ɓacewa ba tare da an ajiye ko ɗaya ba, kuma ko a ƙasar da ta fi kowace son jirgin ƙasa haka abin ya kasance.

Jirgin da ba shi da kai

Bari in fara da bayanin irin jirgin, don ya bambanta da wanda muke gani a littafin makaranta. Jirgin da muka saba gani a hoto yana da kai a gaba, mai aiki da kwal ko gazuwal, yana jan taragai a baya. Jirgin zuwa aiki mai lantarki ba shi da wannan kai. Injinansa suna ƙarƙashin taragan da mutane ke zaune a ciki, kuma akwai ɗakin direba a kowane ƙarshe. In ya kai tashar ƙarshe, direba ya sauko ya taka zuwa ɗaya gefen, jirgi ya koma inda ya fito ba tare da an juya komai ba. Yana tashi da sauri, yana tsayawa da sauri. Shi ya sa ya dace da layin da ke da tasha kowane kilomita biyu ko uku.

A kudancin Landan wutar ba ta sama take zuwa ba. An shimfiɗa dogo na uku a gefen biyun da ƙafafun jirgi ke bi, shi ke ɗauke da wuta, wani ƙarfe kamar takalmi a ƙarƙashin jirgin yana gogarsa yana sha. Yau ƙarfin wutar bolt 750 ne, alhali ta gidajenmu bolt 220 ce. An fara wannan tsari a layukan kudu maso yammacin Landan a 1915. Kamfanin Southern Railway, wanda aka kafa a 1923, ya faɗaɗa shi sosai, har a farkon 1933 lantarki ya kai garin Brighton na bakin teku, tafiyar kilomita 80 da ɗoriya, wadda jirgi ke yi cikin awa ɗaya.

Wannan ya canza inda mutane ke zama. Akawu da malamin makaranta da mai aikin banki suka iya kama gida a ƙauyukan da ke nesa da hayaƙin birni, su shiga Landan da safe su koma da yamma. Unguwanni sukutum suka tsiro a kewayen tashoshi. Wanda yake son ya fahimci yadda kudancin Ingila ya zama yadda yake yau, sai ya bi ta kan waɗannan jirage.

Bayan da gwamnati ta karɓe layukan dogo a 1948, aka ci gaba da ƙera jiragen bisa wani fasali na tarago da aka fitar a 1951. Daga cikinsu akwai samfurin da ake kira 4-VEP, wanda aka fara ƙerawa a 1967, aka yi guda 194, kowane da tarago huɗu. Abin da ya fi fice a jikinsu shi ne ƙofofi. Kusan kowane jeren kujeru yana da ƙofarsa, fasinja ne ke buɗe ta da hannu, shi ne kuma ke bugo ta ya rufe. In jirgi zai tashi daga babbar tasha sai ka ji garam, garam, garam tun daga gaba har baya. Da wannan ƙara Turawa suka yi musu suna, ni kuma a nan zan kira su masu ƙofar garam. Amfanin ƙofofin a fili yake: jirgi cike maƙil yana iya zubar da mutanensa cikin ɗan ƙanƙanen lokaci. Masu gaggawa ma ba sa jiran ya gama tsayawa, sai su buɗe su dira da gudu.

Abin da ya sa aka sallame su

Ranar 12 ga Disamba 1988, da safe wajen ƙarfe takwas da minti goma, kusa da tashar Clapham Junction a Landan, wani jirgi cike da masu zuwa aiki ya afka wa bayan wani da ke tsaye. Na uku, wanda ba kowa a cikinsa, ya zo ta ɗaya layin ya bugi tarkacen. Mutum 35 suka mutu, kusan 500 suka ji rauni. Binciken da lauya Anthony Hidden ya jagoranta ya gano cewa laifin na fitilar ba da hanya ne. An sake wayoyinta, aka bar wata tsohuwar waya ba a yanke ta ba, ba a naɗe bakinta ba, ta taɓa inda bai kamata ba, fitila ta nuna wa direba hanya a buɗe take alhali akwai jirgi a gaba. Ma'aikacin da ya yi aikin ya shafe makonni 13 yana aiki kwana bakwai a mako, kuma babu wanda ya bi bayansa ya duba.

To amma hatsarin ya tona wani abu game da taragan kansu. Fasalin 1951 yana da ƙaƙƙarfan gindi na ƙarfe, sai aka ɗora masa jiki marar ƙarfi a sama. In aka yi karo mai tsanani, gindin wani tarago yakan hau kan na gabansa ya yanki jikin kamar wuƙa, daidai inda mutane ke zaune. Ranar 8 ga Janairu 1991 wani jirgin ya bugi ƙarshen layi a tashar Cannon Street. Ba gudu yake yi sosai ba, duk da haka mutum biyu suka mutu, fiye da 500 suka ji rauni, kuma aka gano cewa gindin wasu taragansa tun kafin yaƙin duniya na biyu aka ƙera su, sabon jiki kawai aka yi ta ɗora musu. Ga kuma ƙofofin da ba su da makulli a hannun direba: mutane na faɗowa jirgi na tafiya, ƙofar da aka buɗe da wuri tana bugun wanda ke tsaye a bakin tasha.

A 1999 aka kafa dokar da ta sa wa irin waɗannan taragai wa'adi. Cika wa'adin ya zo da wahalar da ba kowa ya hango ba. Sababbin jiragen da aka yi oda, na kamfanin Bombardier da na Siemens, suna da na'urar sanyaya iska da ƙofofi masu aiki da kansu, sun fi nauyi, sun fi shan wuta. Tsofaffin tashoshin rarraba wuta na gefen layi ba za su iya ciyar da su ba. Sai da aka kashe maƙudan kuɗi aka ƙarfafa wutar, aka kuma ƙara wa'adin. A cikin 2005 kamfanonin kudu uku suka sallami nasu ɗaya bayan ɗaya, na ƙarshe a watan Nuwamba. An bar guda biyu kawai a wani ɗan gajeren reshe mai zuwa Lymington, su ma suka tsaya a watan Mayu na 2010.

Jiragen da suka biyo bayansu, masu ƙofar da direba ke sarrafawa, wani dalilin ne ya kore su. Doka ta ce daga 1 ga Janairu 2020 dole kowane jirgin fasinja ya zama wanda mai keken guragu da makaho da kurma za su iya amfani da shi. Gyara jirgi mai shekara 40 don ya cika wannan sharaɗi yakan fi ƙarfin sauran kwanan da ya rage masa. Ƙari a kan haka, tun da aka sayar da harkar dogo ga ƴan kasuwa a tsakiyar shekarun 1990, yawancin jiragen mallakar kamfanonin haya ne. Ranar da haya ta ƙare, jirgi ya zama kaya mai cin kuɗin ajiya, mai shi kuwa ba ya son ya kwana da shi.

Inda al'adar ban-kwana ta samo asali

Mayun jirgin ƙasa a Ingila sun daɗe, amma wanda ya mayar da abin sha'awar yara da yawa wani saurayi ne, Ian Allan, ma'aikacin ofishin Southern Railway a tashar Waterloo. Aikinsa ya haɗa da amsa wasiƙun masu tambayar lambobin kawunan jirage. Da ya gaji da maimaita amsa ɗaya, a 1942 ya buga ɗan ƙaramin littafi mai jerin lambobin duka, yana sayar da shi sule ɗaya. Yara suka rinƙa tsayawa a ƙarshen tasha da littafin da alƙalami, duk lambar da suka gani su ja mata layi. Ina roƙon malamai su lura da wannan wuri. Yaron da ke wannan wasa yana koyon duba abu da kyau, da rubuta rana da wuri, da bambance samfuri da samfuri. Aikin masanin tarihi ke nan a ƙaramin mataki, ko da shi yaron bai sani ba.

Waɗannan yara su ne suka girma suka tarar ana kashe jiragen kwal. Ranar 11 ga Agusta 1968 hukumar jiragen ƙasa ta Birtaniya ta shirya tafiya ta ƙarshe da jirgin fasinja mai aiki da tururi a babban layi, daga Liverpool, garin da yaranmu suka sani ta ƙwallo, zuwa Carlisle da dawowa. Kuɗin tikiti fam 15 da sule 15 ne, kuɗi mai yawa a lokacin, har aka yi ta gunaguni. Duk da haka jirgi ya cika, dubban mutane kuma suka jeru a gefen layi da kan gadoji suna kallo. An yi tafiye-tafiyen ban-kwana kafin wannan, amma ita ce ta zama abin misali.

Jiragen kwal sun yi sa'a. A garin Barry na yankin Wales, wani mai sayen tsohon ƙarfe, Dai Woodham, ya sayi kawunan jirage kusan 300. Ya ga yanka taragan kaya ya fi sauƙi da saurin kawo kuɗi, sai ya bar kawunan a fili suna tsatsa. Cikin shekaru ashirin da suka biyo baya ƙungiyoyin masu sha'awa suka yi ta tara kuɗi suna saye ɗaya-ɗaya, har aka fitar da 213. Sun kuma sami inda za su kai su, domin tun 1951 ƴan sa-kai suka karɓi ɗan layin Talyllyn suna tafiyar da shi, a 1960 aka buɗe na Bluebell, yau kuma irin waɗannan layukan tarihi sun haura ɗari a Birtaniya. Iyali na zuwa ranar hutu, su biya, yara su ga hayaƙi su ji usur.

Yadda ranar ban-kwana take

Da lokacin jiragen lantarki ya zo, al'adar ta riga ta kafu, sai aka yi musu irin abin da aka yi wa na kwal. Kamfani da wata ƙungiyar masu sha'awa sukan haɗa kai. A zaɓi jirgi ɗaya ko biyu masu sauran lafiya, a wanke su, wani lokaci a mayar musu da fentin da suka fito da shi daga masana'anta. A rataya allo mai suna a goshin jirgin. A tsara hanya ta yadda zai taka duk rassan da ya yi wa aiki, har da ƴan layukan shiga gareji da fasinja bai taɓa bi ba, domin akwai masu sha'awar da burinsu shi ne su bi kowane taƙi na dogo. Direbobi da kanikawan da suka yi ritaya sukan zo. Kuɗin da aka tara yawanci ƙungiyoyin agaji ake ba.

Haka aka yi wa jiragen layin Metropolitan na Landan, waɗanda suka fara aiki a 1961 suka tsaya a watan Satumba na 2012, shekara 51 ke nan. Haka aka yi wa samfurin 313, wanda na buɗe da labarinsa. An ƙera guda 64 a garin York tsakanin 1976 da 1977, kuma suna iya shan wuta ta hanya biyu: daga wayar sama mai bolt 25,000, ko daga dogo na uku. An yi musu ban-kwana a arewacin Landan a 2019, sannan a bakin tekun kudu a 2023. A Liverpool ma an yi wa samfurin 507 da 508 a 2023 da 2024, bayan sun haura shekara 40 suna aiki.

Waɗanda suka fi kowa tsufa kuwa ba su sami taro ba. A tsibirin Wight akwai layi mai tsawon kilomita 14 ba kaɗan, wanda ke bi ta wani rami a garin Ryde. An taɓa ɗaga ƙasan ramin saboda ambaliya, sai rufinsa ya yi ƙasa, jirgi na yau da kullum ba ya shiga. Don haka tsibirin ya dogara da tsofaffin jiragen ƙarƙashin ƙasa na Landan, masu gajeren jiki. Waɗanda aka kai can daga 1989 samfurin 1938 ne. Sun yi aikinsu na ƙarshe ranar 3 ga Janairu 2021, sun haura shekara 80, a tsakiyar dokar hana zirga-zirga ta korona, lokacin da ake roƙon mutane su zauna gida. Waɗanda suka gaje su ma tsofaffin jiragen Landan ne da aka sabunta.

Bayan an watse

Ga inda labarin ya fi ba ni abin tunani. Washegarin ban-kwana, ina jirgin yake zuwa? Mafi yawa wurin masu yanka ƙarfe, cikin makonni. Na lantarki bai sami irin sa'ar na kwal ba, kuma dalilan a bayyane suke.

Kan jirgin kwal abu ɗaya ne, in ka ba shi kwal da ruwa zai yi tafiya a kowane dogo. Jirgin lantarki mai tarago huɗu ya kai tsawon mita 80, kuma ba ya motsi sai da wuta. Layukan tarihi ba su da dogo na uku. Hukumar kula da lafiyar layuka ba ta son a shimfiɗa sabo ko a babban layi, balle a wurin da ƴan sa-kai ke aiki, yara na yawo. Saboda haka jirgin da aka ceto sai dai wani kai mai gazuwal ya ja shi kamar taragai, ko a ajiye shi a fili ruwa na dukansa. Sannan maganar kuɗi: uban da zai biya don ɗansa ya ga jirgin kwal ba lalle ya biya don ya shiga irin jirgin da shi kansa ya yi shekara 30 yana tsayuwa a cikinsa kowace safiya ba.

Akwai wani gidan tarihi da ƴan sa-kai suka kafa kusa da Coventry musamman don jiragen lantarki. A 2017 ya rufe, domin an buƙaci filin don gine-gine, aka rarraba kayansa wurare daban-daban. A Liverpool wata ƙungiya ta sayi jirgi mai lamba 507001, wanda Sarauniya Elizabeth ta shiga a 1978, a kan fam ɗaya tak. Sayen ne mai araha. Ɗaukarsa a kan manyan motoci, da samun inda zai zauna, da kare shi daga tsatsa, su ne masu cin dubbai. Daga cikin 4-VEP guda 194, wanda aka fi sani ya tsira shi ne mai lamba 3417, mallakar layin Bluebell. Ƴan sa-kai sun yi shekaru suna gyaransa a wani gareji a Landan, a watan Janairu na 2024 aka kai shi tashar Waterloo mutane suka gani, kuma ko a ranar jan sa aka yi.

Sakamakon shi ne, yaron Ingila da ya je yawon buɗe ido yau zai iya ɗauka cewa kakanninsa a jirgin kwal mai sheƙi suka yi rayuwarsu. Alhali miliyoyinsu a cikin masu ƙofar garam suka yi ta, a tsaye, jarida a hannu, hayaƙin taba ya cika tarago. Abin da aka ajiye ya rinjayi abin da ya faru.

Ko son tsohon abu ne kawai?

Wani zai ce: kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, waɗannan mutane dai ƙuruciyarsu suke wa kuka. Akwai gaskiya a ciki. Matar da ke kan keken guragu ba ta yi kewar jirgin da ba ta iya shiga ba. Iyalan mutum 35 na Clapham ba su da dalilin son fasalin 1951. Ni ma da za a tambaye ni, zan ce sallamar ta yi daidai, har ma ta yi jinkiri.

Sai dai ban ga saɓani tsakanin sallamar abu da rubuta tarihinsa ba. Galibin masu zuwa ban-kwana ba cewa suke a bar jirgin ya ci gaba da aiki ba. Abin da suke yi shi ne su tabbatar an san ranar da ya fara da ranar da ya daina, an ɗauki hotonsa ciki da waje, an naɗi ƙararsa, an ji daga bakin wanda ya tuƙa shi. Da yawa daga ranaku da lambobin da na kawo a wannan rubutu, irin waɗannan mutane ne suka adana su, waɗanda maƙwabtansu ke yi wa kallon marasa aikin yi. Kuma tarihin da ya cika dole ya haɗa da ƙofar da ta kashe mutane da wayar da aka bari ba a yanke ba. In an ajiye tarago, ana iya nuna wa ɗalibi gindin da jikin, a ce masa: ga abin da ya sa aka canza doka.

Mu fa?

Ba mu da jirgin lantarki da za mu yi wa ban-kwana. Tashar jirgin ƙasa ta Yamai an buɗe ta a watan Afrilu na 2014, aka shimfiɗa dogo har Dosso, kilomita wajen 140, amma bai zama hanyar sufurin jama'a ba. Layin Kano zuwa Maraɗi ana kan aikinsa. Abin da ya ɗauki iyayenmu da kakanninmu daban ne: raƙumi da jaki, sannan manyan motocin da suka yi jigilar gyaɗa zuwa Kano, inda dogo ya isa tun 1911, ko zuwa Parakou a shekarun 1950, sai motocin SNTN, da Fijo 404 mai tanti da ke zuwa kasuwannin ƙauye.

A gidan tarihi na Boubou Hama da ke Yamai an ajiye gangar itaciyar Tenere, wadda wata mota ta kayar a 1973. An kyauta da aka ajiye ta, ita kaɗai ce irinta. Tambayata ita ce: motar kasuwa fa, wadda ta yi dubu? Wace makaranta ce ke da hoton tashar motar garinsu kafin a zuba gudiro? Wa ya rubuta nawa ake biya daga Tasawa zuwa Maraɗi a shekarar da aka haifi shugaban makarantar, da awa nawa ake yi a hanya da damina? Waɗannan motoci sun tafi wurin maƙera da masu sayen tsohon ƙarfe ba tare da kowa ya san ranar da ta ƙarshe ta tsaya ba. Haka fitilar aci-balbal ke tafiya yanzu, haka rediyo mai kaset, haka akwatin wasiƙa.

Ajiye mota sukutum ya fi ƙarfin makaranta, kamar yadda ajiye jirgi ya kusa fin ƙarfin Turawan da ke da kuɗi. Abin da yaran Ian Allan suka yi kuwa bai fi ƙarfin kowa ba, littafi ne da alƙalami. Malamin aji zai iya ba kowane ɗalibi aikin hutu: ya sami tsoho ɗaya a gidansu ko unguwarsu, tsohon direba ko kamasho ko ƴar kasuwa, ya yi masa tambaya biyar. Wace irin mota ce, wace hanya take bi, nawa ne kuɗin, me ke lalacewa a jikinta, yaushe ya daina ganinta. Ɗalibi ya rubuta amsar da Hausa, ya sa rana da sunan gari. In akwai tsohon hoto a gida, a ɗauke shi da salula a mayar wa mai shi. Makaranta ta haɗa takardun cikin babban littafi ɗaya, aji mai zuwa ya ƙara nasa. A Yamai akwai cibiyar CELHTO da ta daɗe tana tattara tarihin baka, don haka hanyar ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Sabon abin kawai shi ne a juya ta zuwa ga kayan yau da kullum, ba sarakuna da yaƙe-yaƙe kaɗai ba.

Ku kuma iyaye, kafin a ba mai gwangwan tsohon keken ɗinki ko rediyon baba, a tara yara a gaya musu shekarar da aka saye shi, da kuɗinsa, da abin da ya ciyar. Minti goma ya isa. Tsofaffin da suka san waɗannan amsoshi suna raguwa kowace shekara, kuma su babu mai sanar da ranar tafiyarsu ta ƙarshe balle a yanki tikiti. Hutun da ke tafe lokaci ne mai kyau na farawa.